Addu'ar Tsari da Gyaran Harshe a Birnin Kano

A lungunan cikin birnin Kano, daga Madabo zuwa Sharifai, da wuya a sami gidan da ba a karanta Ayatul Kursiyyu, Ƙulhuwallahu, Falaƙi da Nasi safe da yamma. Uwa tana tofa wa jaririnta, ɗan kasuwar Kurmi yana karantawa kafin ya buɗe rumfa. A zawiyoyi kuma ana biya Hizbul Bahri na Shehu Abul Hasan Shazali, wanda ya rasu a 1258. Dukansu da Larabci ake yin su, alhali harshen da muka tashi da shi Hausa ne. A nan batun furuci ya taso.

Larabci yana da haruffa 28, kuma akwai waɗanda babu irin sautinsu a Hausa. Da kakanninmu suka gamu da su, sai suka kai kowanne ga sautin da ya fi kusa da shi a bakinsu. Harafin da tsangaya ke kira lodi ya koma "l", shi ya sa muke cewa alwala, alƙali da larura. Wasu haruffa uku suka haɗu a "s", wasu suka narke a "z". A zancen yau da kullum wannan ba laifi ba ne, haka harsuna ke aro. Amma a karatu, sauya harafi ɗaya yana iya sauya ma'ana: kalmar zuciya da ta kare a Larabci harafin farko kaɗai ya raba su.

Don haka malaman tajwidi suka raba kuskure gida biyu: bayyananne, kamar musanya harafi ko wasali, da ɓoyayye, kamar rage gunna ko gajarta madda. Ibnul Jazari, wanda ya rasu a 1429, ya ƙidaya mafitar haruffa 17, daga maƙogwaro zuwa leɓɓa da hanci. Ilimi ne na sanin inda harshe zai taɓa da yadda numfashi zai fita.

Wannan damuwa ba a kanmu kaɗai take ba. Mabiya addinin Hindu a Indiya suna da addu'o'in neman tsari da harshen Sanskirit, irin su Narayana Kabaca, kuma yawancin masu karanta su da Hindi ko Tamil ko wani harshen suka tashi. Tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS) suka tsara fannin furuci mai suna Shiksha. A tsofaffin littattafansu akwai labarin wani da ya roƙi ɗan da zai kashe Indra, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu, sai ya ɗora karin sauti a gaɓar da ba ita ba, ma'ana ta juye, Indra ya kashe ɗan. Bahaushe zai gane wannan da sauri, domin karin sauti ne ke raba kukan yaro da kukar miya. A 2003 hukumar UNESCO ta sanya karatun littattafansu na Beda da baki cikin manyan kayan gadon ɗan Adam. Aƙidarmu da tasu ba ɗaya ba ce, mu a wurinmu karɓar addu'a tana hannun Allah Shi kaɗai. Amma a hanyar koyo an yi tarayya: daga bakin malami ake ɗauka.

Kano ta daɗe da sanin haka. Tun zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, allo da tawada da biyawar alaramma ne suka riƙe karatu, da ruwayar Warshu. Daga baya Islamiyyu suka yaɗa ruwayar Hafsu, sannan musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara a 1986, ta ƙara wa tajwidi daraja a idon matasa.

Abin damuwa yau shi ne addu'o'in da ake rubutawa da boko, ana turawa ta WhatsApp ko ana sayarwa a ƙananan littattafai. Boko ba ya bambanta haruffan nan, sai mutum ya haddace kuskure ya koya wa 'ya'yansa. Sauraron ƙira'a a waya yana da amfani, amma waya ba za ta tsayar da kai ta ce ka sake ba.

Kada kuma wannan ya karya zuciyar kowa. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha (RA) ya nuna cewa mai karatu yana faman wahala lada biyu gare shi. Ladan na mai ƙoƙari ne. Saboda haka, ya kai mai karatu, ko shekarunka nawa, je ka zauna gaban malamin unguwarku ka biya masa Fatiha da azkar ɗinka, ya gyara maka. Allah Ya tsare mu, Ya karɓi addu'o'inmu.