Kafin ƙungiyarku ta sa kuɗi a injin mai da ɓuntu lantarki

Injin yana ƙona ɓuntun shinkafa ko totuwar masara da iska 'yar kaɗan, sai gas ya fito ya juya janareto. Abin yana aiki. Kamfanin Husk Power ya haskaka ƙauyuka da shi a jihar Bihar ta Indiya. Matsalarsa kwalta ce. Tare take fitowa da gas ɗin, in matata ba ta da kyau sai ta toshe janareton, balle in ɓuntun ya jiƙe.

To in ƙaramin kamfani ya zo neman jarinku, kada bidiyon waya ya ruɗe ku. Ku je ku ga injinsu yana aiki da damina, ku tambayi mai kula da shi sau nawa yake wanke matata. Ku duba rajistarsu a CAC. Kuɗin taki kuwa, kada ku taɓa shi.