Kumfar Ƙarfe da Wahalar Haɗa Ta

A jihar Kalifoniya ta Amurka, cikin cibiyar bincike ta Lawrence Livermore, akwai wani katafaren gini da ake kira NIF, inda ake harba hasken leza 192 a lokaci guda kan abin da girmansa bai wuce 'yan milimitoci ba. A nan ne, ranar 5 ga Disamba, 2022, aka zuba makamashin leza megajul 2.05 aka samu 3.15 ta hanyar haɗe ƙwayoyin zarra. Duniya ta yi ta yabon lezar. Masu ƙera abin da ake harbin kuwa ba a cika jin labarinsu ba, alhali a cikinsu akwai ɗaliban digirin digirgir da ke ƙarar da shekaru kan abu guda: yadda za a mayar da zinare, azurfa ko jan ƙarfe kumfa.

Me ya kai ƙarfe ga zama kumfa? Ba kowane harbi ake yi don neman makamashi ba. Wasu ana yin su ne don samar da hasken eksire mai tsananin ƙarfi, ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, domin a leƙa cikin abubuwa yayin da zafi da matsi ke murƙushe su. Idan leza ta sauka kan dunƙulallen ƙarfe, fatarsa kawai take ƙonawa, domin tururin da ya tashi yakan yi kauri ya tare mata hanya. Amma idan ƙarfen kusan duk iska ne, sai hasken ya kutsa ciki ya zafafa shi gaba ɗaya kafin ya tarwatse, eksiren da ke fitowa ya ƙaru.

Dunƙulen azurfa mai santimita ɗaya ta kowane ɓangare nauyinsa giram 10.5 ne. A 2017 masu bincike na Livermore suka ba da rahoton kumfar azurfa mai wannan girman wadda ba ta kai miligiram 5 ba. Iskar da muke shaƙa, a wannan ma'auni, miligiram 1.2 ce.

Ga yadda ake yi. Da farko a haɗa zaruruwan ƙarfe ta hanyar sinadarai, sirara ƙwarai, waɗanda sai an jera ɗaruruwa kafin su kai kaurin gashin kai. A barbaza su cikin ruwa, a daskarar da ruwan da sauri, sau da yawa da ruwan naitirojin, ƙanƙara ta riƙe kowane zare a inda yake. Daga nan sai wurin da ya fi ba da wuya: raba su da ruwan. In aka bari ƙanƙarar ta narke ta bushe da kanta, ruwan zai janyo zaruruwan su manne, aikin ya rushe. Don haka ake saka ta a na'urar da aka zuƙe wa iska, ƙanƙarar ta zama tururi kai tsaye ba tare da ta koma ruwa ba. Abin da ya rage kamar soson wanka yake, sai a ɗan gasa shi don zaruruwan su kama juna.

A ganina rashin nauyin ba shi ne gwanintar ba. Gwanintar ita ce daidaito: kada wani gefe ya fi wani kauri, kada datti ya shiga, a kuma iya yanka kumfar daidai awo ba tare da ta murmushe ba. Harbi ɗaya, cikin kaso kaɗan na biliyan na daƙiƙa, ya cinye ta, gobe kuma ana son wata sak irinta, in ba haka ba sakamakon biyu ba za su kwatantu ba.

Kada kuma a ɗauka duk don wutar lantarki ake wannan ɗawainiya. Amurka ta daina gwajin fasa makaman nukiliya tun 1992, kuma babban aikin NIF shi ne taimaka mata ta kula da makamanta ba tare da gwajin ba. Faransa ma tana da tata cibiyar, Laser Mégajoule, kusa da birnin Bodo, da manufa irin wannan.