Yaron da ya koma fitsarin kwance ba bulala yake bukata ba

Kwanakin baya na ga an fito da wani yaro ɗan kimanin shekara tara ƙofar gida da sassafe, jiƙaƙƙiyar tabarma a kansa, sa'o'insa na biye da shi da tafi da waƙar tsiya. Kakarsa ce ta sa, wai sai ya ji kunya zai daina. Ashe yaron ya daɗe da barin fitsarin kwance, ya dawo da shi ne bayan an saki uwarsa ta koma garinsu. Kowa a gidan ya san lokacin da abin ya soma, amma bakinsu ɗaya: "Iskanci ne, da gangan yake yi."

Da gangan? Wane yaro ne zai zaɓi ya kwana cikin zarni, gari ya waye ya sha duka? Yana barci abin ke kufce masa. A wurin likitocin yara, wanda ya yi wata shida bai jiƙa shimfiɗa ba sannan ya koma, akwai dalili. Wani lokaci a jiki yake, kamar ciwon mafitsara, ciwon suga ko taurin bayan gida. Sau da yawa kuma a zuciya yake: mutuwar aure, rasuwar uwa, kai shi riƙo inda ba a sonsa, harin 'yan bindiga da ya gani da idonsa. Ko kuma wani babba ke lalata da shi yana tsorata shi kada ya faɗa. Yaron da kuka tara masa unguwa a kan fitsari, ta yaya zai buɗe baki ya gaya muku wannan?

Ku fara da asibiti a gwada fitsarinsa. A gida ya sha ruwa sosai da rana, a rage bayan magariba, ya zagaya kafin ya kwanta, a sa leda ƙarƙashin shimfiɗa. In ya jiƙa, a wanke ba tare da shela ba, a kuma tsawata wa masu yi masa dariya, ko da yayyensa ne. Baba, ka ja shi zuwa kasuwa ko gona ku biyu. A hanya yaro ya fi sakin baki, ba a tsakar gida ana zare masa ido ba. In ya yi kuka a bar shi, a daina ce masa namiji ba ya kuka.

Ba fitsari kaɗai ba ne alama. Yawan shiru, ƙin cin abinci, firgita cikin barci, gudun makaranta, duk abin lura ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin matsalolin lafiyar ƙwaƙwalwa na somawa ne kafin a wuce shekara 14. Mu kuwa sai mu ce aljanu ne ko kangara, mu kai yaro gidan mari. A 2019 'yan sanda sun fito da mutane kusan 300 daga irin wannan gida a Rigasa, Kaduna, har da yara, wasu da sarƙa a ƙafa.

A yi addu'a, a kuma je wurin likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa, Kware, Maiduguri da Dawanau, kuma zuwa can ba ya nufin ɗanka ya haukace. In har yaro ya fara cewa gara ya mutu, kada ku bar shi shi kaɗai, ku kai shi a ranar.