Rijiyoyin Bangladesh da Ma'aunin Niyya

A shekarun 1970, yawancin ƙauyukan Bangladesh ruwan tafki da na kogi suke sha, kuma ta cikinsa kwalara da gudawa ke ɗibar ƙananan yara. Sai gwamnatin ƙasar da hukumar UNICEF suka duƙufa haƙa rijiyoyin tuƙa-tuƙa, jama'a ma suka bi sahu har rijiyoyin suka kai miliyoyi. Ruwa ya fito garai-garai, mutuwar yara ta ragu.

Abin da ba a auna ba shi ne arsenik, wata guba da ke kwance a ƙarƙashin ƙasar yankin tun fil azal. Ba ta da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Sai mutum ya yi shekaru yana sha kafin baƙaƙen tabo su feso masa a ƙirji, tafin hannu da na ƙafa su yi kanta, wani ma ciwon ya zame masa daji. A 1993 aka tabbatar da gubar a Chapai Nawabganj, kuma a 2000 mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 35 zuwa 77 na cikin haɗari.

To, alheri aka yi ko ɓarna? Masanin nan Bajamushe, Immanuel Kant, yana ganin darajar aiki tana ga nufin mai shi. Bentham da Mill na Ingila kuwa amfani da cutarwar da aikin ya haifar suke ɗorawa a sikeli. Kowannensu ya kama gefe guda na gaskiya.

Fiƙihun Musulunci bai yarda a zaɓi ɗaya a yar da ɗaya ba. Hadisin niyya ne ya buɗe Sahihul Bukhari, amma duk da haka aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara kan wanda ya yi kisan kuskure. Ba a yi masa ƙisasi, domin bai nufi kisa ba. Ba a kuma ce ya kaɗe rigarsa ya wuce ba, domin an yi rashin rai, akwai marayu a gida. Niyya ce ke nuna ko shi wane ne, sakamako kuma ke nuna abin da ake bin sa.

A wurina, inda maganar ta fi nauyi shi ne tsakanin biyun, wato bincike. Tun 1983 likitoci a jihar Bengal ta Yamma a Indiya, maƙwabciya mai ƙasa iri ɗaya, suka fara ganin masu wannan ciwon fata. Wanda ya haƙa rijiya a 1975 yana da uzurin rashin sani. Wanda ya haƙa a 1990 bai auna ba, uzurinsa ya yi rauni, komai tsarkin zuciyarsa, don mai son jama'a da gaske ba ya hutawa sai ya san abin da ya shayar da su.

Daga baya an bi rijiyoyin ana gwadawa, ana shafa wa bakin famfo jan fenti idan da guba, kore idan babu, aka kuma ƙara haƙa masu zurfi. Sai dai matar da famfon ƙofar gidanta ya sha ja, mai koren kuma yana da nisa, sau da yawa a jan take ci gaba da ɗiba, kuma har yau miliyoyin mutane a ƙasar na shan ruwan da gubarsa ta haura ƙa'ida.