Majinyaci, Wayar Hannu da Amosanin Gaɓɓai



Amosanin gaɓɓan da za mu tattauna a kansa ba shi ne ciwon gwiwar da tsufa ke kawowa ba. Wannan cuta ce da garkuwar jiki ke juyowa ta far wa tantanin da ya lulluɓe gaɓa, har gaɓar ta kumbura, ta sandare da safe, in an yi sakaci ƙashi ya zaizaye, yatsu su karkace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 18 ne ke fama da ita, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari mata ne. Gaɓar da ta riga ta lalace kuwa ba ta komawa yadda take.

Saboda haka ne tun 2010 likitoci suka tsaya a kan ƙa'idar a riƙa auna ƙarfin cutar a kai a kai, ana gyara magani har sai ta lafa. Ma'aunin da ya fi shahara shi ne DAS28, wanda aka fitar a Holan a 1995. Likita zai matsa gaɓɓai 28, ya ƙirga masu zafi da masu kumburi, ya haɗa da gwajin jini da abin da majinyaci ya faɗa game da jikinsa. Maki ƙasa da 2.6 alamar lafawa ce, sama da 5.1 kuwa cuta ta yi tsanani.

To, amma ita wannan cuta tashi take yi ta kwanta. Majinyaci yakan ga likita bayan wata 3 ko 6, sa'an nan a tambaye shi yadda ya kasance, alhali kuwa daren da ciwo ya hana shi barci ya daɗe da shigewa. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai mai ɗakin ma yakan manta in damina ta wuce.

A nan ne manhajar waya ke da amfani. A Jami'ar Manchesta ta Ingila an yi wani gwaji mai suna REMORA, inda majinyata 20 suka yi wata 3 suna shigar da yanayin ciwo da gajiyarsu kullum, bayanin kuma yana zarcewa cikin kundin asibiti. Ranar ganawa sai likita da majinyaci su duba zanen tare, su ga tashin da da an manta da shi. A Amstadam kuma, cikin binciken da aka buga a 2022, an raba majinyata 103 waɗanda cutarsu ta yi sauƙi gida biyu. Waɗanda suka riƙa amsa tambayoyi a waya duk mako, suna neman likita in sun ga bukata, sun rage zuwa asibiti da kashi 38 cikin ɗari, ba tare da cutarsu ta fi ta sauran tsananta ba.

Duk da haka, wajibi ne mu san iyakar abin. Waya tana rubuta abin da mutum ya ji ne kawai. Ba ta taɓa gaɓa, ba ta auna jini. Akwai zafin da ba kumburi ya kawo shi ba, in aka ƙara magani dominsa an ɗora wa hanta nauyi a banza. Akwai kuma kumburin da ke cin gaɓa a ɓoye, mai shi yana ganin ya samu sauƙi. Har ila yau, mutane da dama sukan gaji da shigar da bayani bayan 'yan makonni, musamman in sun lura ba wanda yake karantawa.

Ashe ke nan darajar manhaja tana ga likitan da zai duba abin da aka rubuta, ya kira majinyaci tun gaɓa ba ta lalace ba. Asibitin da bai tanadi wannan ba, nauyi kurum ya ƙara wa marar lafiya.