Abin da litar ƙasa ke faɗa a kufan Catalhoyuk

Tsakuwa goma a mudun shinkafa ba ɗaya ba ce da tsakuwa goma a buhu. A kan wannan lissafi masu tonon kufai suke aiki a yau. Idan mai bincike ya ce ya samu guntayen ƙashi da yawa a ɗaki, tambayar farko ita ce: a cikin ƙasa lita nawa?

Kufan Catalhoyuk, kusa da birnin Konya a Turkiyya, gari ne da aka fara zama a cikinsa wajen shekara 7100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Gidajen a manne suke da juna, ba lungu ba titi, ta rufi ake shiga da tsani. James Mellaart ya haƙa wurin tsakanin 1961 da 1965, hankalinsa na kan zanen bango da gumaka. Da Ian Hodder ya karɓi aikin a 1993, sai ƙasar da a da ake zubarwa ta zama abin awo.

A zamanin Hodder, kowane shimfiɗin ƙasa ana ba shi lamba, na'urar safiyo ta ɗauki matsayinsa da zurfinsa, a shigar a kwamfuta. A ɗebi ƙasar a auna litarta, a wanke a ruwa: gawayi da ƙwayar hatsi su taso, masu nauyi su nutse. Abin da ya nutse a busar, a rairaye, a tsince ƙashi da ɓarɓashin baƙin dutsen nan mai ƙyalli da mutanen garin suke yin wuƙa da shi. Sai a raba nauyinsu da yawan lita. Aiki ne mai cin rai, amma shi ke ba da damar kwatanta kusurwar ɗaki da wata kusurwar.

Da aka zuba alƙaluman a taswira, sai ga tsari ya fito. Kudancin ɗaki, inda tanderu da murhu suke, cike yake da tarkace. Dakalan arewa da gabas, waɗanda a ƙarƙashinsu ake binne mamata, fes suke, gida bayan gida.

To, amma a nan gizo ke saƙa. Mutanen garin masu shara ne, kuma suna yawan sabunta yaɓen daɓe. Craig Cessford, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aiki a wurin, ya nuna cewa da yawa daga cikin ƙananan guntayen a cikin kwaɓin daɓen suka shigo tun farko, ba wajen girki ko sassaƙa suka zuba ba. Wato bambancin da kwamfuta ta zana yana iya zama na irin ƙasar da magini ya zaɓa: fara tas don dakali, mai gauraye don bakin murhu. A ganina wannan bai rushe awon ba. Zaɓen ma ɗabi'a ce ta mazauna garin, kuma da ba a ajiye lissafin kowace lita ba, da babu abin da Cessford zai koma ya bincika.