Adireshin shafin intanet: gidan haya ko gidan kanka?

Jama'a masu saurarenmu a karkara da ƴan'uwa mazauna waje, idan ƙungiyarku ko wani mai sana'a, kamar dukawan Birni ko ƴan kasuwar Dole, zai buɗe shafin intanet, mai haɗa shafin yakan tambaya: adireshin haɗaka kuke so, ko naku na kanku? Kafin ku fitar da kuɗi, ga yadda abin yake.

Kowane shafi yana zaune ne a cikin wata babbar kwamfuta da ba a kashewa dare da rana. Wannan kwamfuta tana da lamba, ita ce ake kira adireshin IP. Tsohon tsarin lambobin, IPv4, bai wuce biliyan 4.3 ba, kuma babban rumbunsa na duniya ya ƙare tun watan Fabrairun 2011. A Afirka, hukumar AFRINIC da ke tsibirin Moris ce ke raba su. Ƙarancin nan ne ya sa lamba ta kai kaɗai take da tsada.

Adireshin haɗaka kamar gidan haya ne a Zango: ƙofa ɗaya, ɗakuna da yawa. Shafuka masu yawa suna amfani da lamba guda, kuɗin haya kuma ya sauƙaƙa. Matsalarsa ita ce maƙwabci. In wani daga cikin masu hayar yana tura saƙonnin damfara, ana iya sanya lambar cikin jerin waɗanda aka toshe, sai imel ɗinku ya riƙa faɗawa kwandon shara, mai sayen kayanku a Kano ko Faransa bai gani ba.

Adireshin kai kaɗai gidanka ne, sunanka a hannunka. Sai dai za ka biya ƙari kowane wata, kuma in ka ɓata sunan, babu wanda za ka ɗora wa laifi.

A da, duk mai son alamar kwaɗo ta tsaro a shafinsa sai ya mallaki lambarsa. Yanzu ba haka ba ne. Shafin haɗaka ma yana samunta, har kyauta ta hanyar Let's Encrypt.

To, wanne ya dace? Ƙungiyar mata, makarantar islamiyya ko ƙaramin shago, haɗaka ta ishe ku. Sai in kuna tura imel masu yawa kullum sannan ku nemi naku.

Ƴan'uwa da ke turo kuɗin daga waje, ku lura da abu ɗaya: sunan shafin, ko mai ƙarewa da .ne ne ko .com, a yi rajistarsa da sunan ƙungiya, ba na yaron da ya haɗa shi ba. Ku rubuta ranar sabuntawa ku ajiye, domin in ta wuce, wani yana iya saye sunan.